Korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492: Yadda Zargi Ya Tashi daga Addini Ya Koma kan Jini

Korar da aka yi wa Yahudawa daga ƙasar Sifaniya a shekarar 1492 ita ce ta kawo ƙarshen ɗaya daga cikin al'ummomin Yahudawa mafiya girma da zurfin ilimi a duniyar wancan zamani, al'ummar da ta shafe fiye da shekara dubu a wannan yanki, ta ga mulkin Rumawa, ta ga na Musulmi, sannan ta ga na sarakunan Kirista. Galibi ana ba da labarin tamkar hukunci ne da ya faɗo rana ɗaya daga bakin Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela, alhali kuwa dokar da suka sa wa hannu ƙarshe ce ta wata doguwar tafiya da ta ɗauki shekara ɗari, kuma abin da ya fi cancantar nazari a cikin tafiyar shi ne yadda ƙiyayyar ta sauya kama. Da farko laifin da ake ɗora wa Bayahude addininsa ne, wanda in ya bari ana ganin ya tsira, amma daga baya sai laifin ya koma kan jininsa, abin da babu mahalukin da ke da ikon canzawa.

Yahudawa suna danganta kansu ga Annabi Ibrahim ta tsatson Ishaƙu da Yaƙubu, kuma ginshiƙin addininsu shi ne kaɗaita Allah da bin Attaura, wato littattafai biyar da suke jinginawa ga Annabi Musa, tare da Talmud, wanda tarin bahasin malamansu ne a kan shari'a da aka kammala harhaɗa mafi shahararsa a ƙasar Iraƙi wajen ƙarni na 6. Tun da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na birnin Ƙudus a shekara ta 70 miladiyya, ibadar hadaya ta tsaya, nauyin addinin ya koma kan majami'a da makaranta, ya kuma fi sauka a kan gida. A gida ne ake kiyaye hutun Asabar, wanda ke farawa daga faɗuwar ranar Juma'a, inda uwargida kan kunna fitilu kafin rana ta faɗi domin ba a hura wuta ko yin aiki sai Asabar ta fita. A gida ne ake kiyaye dokokin abinci da suka haramta naman alade da jini da haɗa nama da madara, a nan ake yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas, a nan kuma ake shirin azumin Yom Kifur, wato ranar neman gafara, wadda ita ce mafi alfarma a shekararsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan al'adu na cikin gida a zuciya, domin su ne za su zama hujjojin da kotu za ta riƙa ƙona mutane da su. Yahudawan Sifaniya suna kiran ƙasar Sefarad da Ibrananci, shi ya sa ake kiran su da zuriyarsu Sefardawa, don bambanta su da Ashkenazawa, wato Yahudawan Jamus da gabashin Turai.

Daɗewarsu a yankin tana da shaida daga Coci kanta, domin taron limaman Kirista da aka yi a Elbira a farkon ƙarni na 4 ya kafa dokokin hana Kirista aurar da 'yarsa ga Bayahude ko cin abinci tare da shi, kuma ba a kafa irin wannan doka sai inda cuɗanya ta yi yawa. Zamanin sarakunan Bisigot ya zo musu da tsanani: wajen shekarar 613 Sarki Sisebut ya tilasta musu baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, a 694 kuma taron Toledo ya yanke hukuncin mayar da su bayi. Saboda haka shigowar rundunar Musulmi ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad a 711 sauƙi ce ta zame musu.

Ƙarƙashin mulkin Musulmi sun zauna a matsayin ahlul zimma, wato 'yan amana, waɗanda ake kare rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu, a bar su su yi shari'a tsakaninsu da dokokin addininsu, su kuma su biya jiziya su amince da matsayi na ƙasa da na Musulmi. A cikin wannan tsari ne ilimin Yahudawa ya bunƙasa yadda bai taɓa yi ba a Turai. Hasdai bin Shafrut ya zama likita kuma jakada a fadar Halifa Abdurrahman na Uku a Ƙurɗuba a ƙarni na 10, Sama'ila bin Nagrila, wanda Yahudawa ke kira Shamuwel Hanagid, ya riƙe wazirci a Garnaɗa har rasuwarsa a 1056, yana fita yaƙi da runduna, yana kuma rubuta waƙoƙi da bahasin shari'a. Malamansu sun rungumi Larabci, suna rubuta falsafa da likitanci da nahawu da shi, sau da yawa da haruffan Ibrananci, kuma daga nazarin nahawun Larabci ne suka tsara nahawun harshensu, daga ma'aunan waƙar Larabawa kuma mawaƙa irin su Sulaiman bin Gabirol da Yahuda Halebi suka gina sabuwar waƙar Ibrananci.

Ana kiran wannan lokaci zamanin zinariya, kuma sunan ya dace da abin da aka samar na ilimi, sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa amanar tana rataye ne a wuyan mai mulki, in ya yi rauni ko ya sauya ra'ayi sai ta tsinke. A watan Disamba na 1066 jama'ar Garnaɗa suka auka wa fada suka kashe waziri Yusuf, ɗan Ibn Nagrila, sannan suka bi unguwar Yahudawa da kisa. Da Muwahhidun suka ƙetaro daga Maroko suka kama Ƙurɗuba a 1148, sai suka soke tsarin zimma gaba ɗaya, suka tilasta wa Yahudawa da Kiristoci musulunta ko gudu. Cikin waɗanda suka gudu akwai iyalin wani yaro mai suna Musa bin Maimun, wanda ya bi ta Fas ya ƙare a Masar, ya zama likitan Alƙali al-Fadil, wazirin Salahuddin, ya kuma zama babban malamin Yahudawa na zamanin da ma bayansa. Shi ne ya tattara shari'arsu a littafi mai juzu'i 14 da ake kira Mishne Tora, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci, ya rasu a Fusɗaɗ a 1204.

Mafi yawan waɗanda suka tsere wa Muwahhidun arewa suka nufa, zuwa masarautun Kirista na Kastil da Aragon, waɗanda ke faɗaɗa ƙasarsu suna buƙatar masu ilimi, masu jin Larabci, masu sanin lissafin haraji. A can doka ta ɗauki Yahudawa a matsayin mallakar baitulmalin sarki, wato shi ke kare su, shi ke cin harajinsu kai tsaye, kuma duk wanda ya taɓa su ya taɓa dukiyarsa. Wannan matsayi ya ba su kariya, ya kuma jawo musu baƙin jini, domin kaɗan daga cikinsu da ke karɓar haraji ko ba da bashi da ruwa, sana'ar da Coci ta hana Kirista yi da ɗan'uwansa, su ne fuskar da talaka ke gani duk lokacin da aka matse shi, alhali akasarin Yahudawa maɗinka ne da dukawa da maƙera da masaƙa da ƙananan 'yan kasuwa. A ƙarƙashin wannan kuma akwai tsohon zargin da ake nanatawa a wa'azi, cewa Yahudawan kowane zamani suna ɗauke da alhakin gicciye Yesu Almasihu. A 1215 babban taron Lateran a Rum ya umarci a bambanta Yahudawa da Musulmi ta hanyar sutura, a 1290 Ingila ta kori Yahudawanta, Faransa ta kori nata a 1306, da annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta ɓarke a 1348 kuma aka auka musu a Basalona da wasu garuruwan yankin.

Shekarar da ta karya ƙashin bayan Yahudawan Sifaniya ita ce 1391. Wani babban limami mai suna Feran Martines ya daɗe yana wa'azi a Ishbiliya yana kiran a rushe majami'unsu, sarki da babban bishop suna tsawata masa, sai ya zamana dukansu biyu sun rasu a 1390, gadon sarautar Kastil ya faɗa hannun yaro ɗan shekara 11. A watan Yuni na 1391 jama'a suka afka wa unguwar Yahudawa ta Ishbiliya, daga nan wutar ta bazu zuwa Ƙurɗuba da Toledo, ta ƙetara Balensiya da tsibirin Mayorka, ta isa Basalona a watan Agusta. An kashe dubbai, kuma dubban da suka fi waɗannan yawa sun karɓi baftisma da takobi a wuya. Al'ummar Basalona, wadda ta yi ƙarnuka tana fitar da malamai, ba ta sake tashi ba, kuma cikin waɗanda aka kashe a can har da ɗan Hasdai Kereskas, babban malamin Yahudawan Aragon. Shekara ashirin bayan haka wa'azin limami Bisente Ferer, da dokokin Bayadolid na 1412 da suka hana Yahudawa sana'o'i da dama suka killace su a unguwanni, da muƙabalar Tortosa ta 1413 zuwa 1414 inda aka tilasta wa malamansu zama wata da watanni suna kare addininsu a gaban masu hukunta su, duk sun ƙara yawan masu sauya addini.

A nan ne al'amarin ya ɗauki wata fuska da ba a saba gani ba. Koyarwar Coci ita ce baftisma, ko da cikin tsoro aka karɓe ta, ba ta warwaruwa, saboda haka waɗannan mutane da 'ya'yansu Kiristoci ne har abada. Sifaniyawa suka riƙa kiran su kombaso, wato tubabbu, ko sababbin Kiristoci, masu zagi kuma suna ce musu marano, Yahudawa kuwa suna kiran su anusim, wato waɗanda aka tilasta. Ba iri ɗaya ba ne su: akwai waɗanda suka ci gaba da yahudanci a ɓoye, akwai waɗanda suka riƙe sabon addinin da zuciya ɗaya, irin su Sulaiman Halebi, malamin Yahudawan Burgos da ya zama bishop ɗin garin da sunan Pablo de Santa Mariya, akwai kuma masu yawa da suka tsaya tsakani suna zuwa coci suna kuma dafa abinci yadda iyayensu mata suka koya musu. Abin da ya haɗa su shi ne dokokin da suka tauye Bayahude sun daina aiki a kansu, don haka cikin zuriya ɗaya ko biyu suka shiga majalisun gari da fada da jami'o'i da manyan muƙaman Coci, suka kuma yi auratayya da gidajen sarauta.

Al'ummar da ta yi ƙarnuka tana cewa abin da take nema ga Bayahude kawai shi ne ya tuba, da ya tuba sai ta ƙi karɓarsa. A 1449 aka yi bore a Toledo kan wani haraji, jagoran boren Pero Sarmiyento ya fitar da dokar da ta hana duk wanda ke da asalin Yahudawa riƙe muƙami a garin, komai ingancin kiristancinsa. Paparoma Nikolas na Biyar ya la'anci dokar, Kadinal Huwan de Torkemada ya rubuta littafi yana kare tubabbun da hujjar cewa baftisma ba ta bar bambanci tsakanin Kirista da Kirista, amma ra'ayin ya riga ya kama ƙasa. Daga nan ne aka samu abin da ake kira tsarkin jini, wato sharaɗin cewa mai neman shiga wata kwaleji ko ƙungiyar limamai ko wani muƙami sai ya tabbatar da cewa babu Bayahude ko Musulmi a cikin kakanninsa, ana aika masu bincike garinsu su tambayi tsofaffi su duba littattafan coci. A 1547 babban cocin Toledo da kansa ya ɗauki wannan sharaɗi. Masana suna taka-tsantsan wajen daidaita wannan da aƙidar wariyar jinsi ta ƙarni na 19 da na 20, domin harshen da aka yi amfani da shi na addini ne da martabar gida, amma jigon abin ɗaya ne, wato mutum ya gaji aibi a jikinsa wanda imani da aiki ba sa wankewa.

Makamin da ya ba wannan zargi haƙora shi ne kotun binciken aƙida, wadda Turawa ke kira Inkwizisiyon. Fadinan na Aragon da Isabela ta Kastil, waɗanda suka yi aure a 1469, sun samu izinin kafa ta daga Paparoma Sistus na Huɗu a 1478, ta fara aiki a Ishbiliya a 1480, a watan Fabrairu na 1481 kuma aka ƙona mutum shida na farko. A 1483 aka ɗora Tomas de Torkemada, ɗan ɗan'uwan kadinal ɗin da ya kare tubabbu, a kan shugabancinta. A ƙa'ida kotun ba ta da hurumi a kan Bayahuden da bai taɓa karɓar baftisma ba, aikinta shi ne farautar Kiristan da ake zargi da komawa yahudanci. Idan alƙalanta suka sauka a gari sukan ba da wa'adin rangwame na kimanin wata guda, wanda a cikinsa duk mai laifi zai zo ya tona kansa ya samu sassauci, da sharaɗin ya ambaci sunayen wasu. Ana karanta wa jama'a alamomin da za su lura da su ga maƙwabta: gidan da ake sauya shimfiɗa da tufafi ranar Juma'a, gidan da hayaƙi ba ya tashi ranar Asabar, matar da ke wanke jini daga nama ko take suya da man zaitun a maimakon kitsen alade, mutumin da ke azumi a lokacin Yom Kifur. Ba a gaya wa wanda ake tuhuma sunan mai ƙararsa, ana riƙe dukiyarsa tun daga ranar kamu, ana iya azabtar da shi don ya amsa, kuma tun da kotun tana rayuwa ne da dukiyar da take ƙwacewa, tana da riba a cikin kowane hukunci. Bara ya kai ƙarar ubangidansa, abokin gaba ya shafa wa abokin gabarsa kashin kaji, ɗa ya ambaci uwarsa don ya tsira. Wanda ya tuba akan sa masa wata rigar wulakanci mai suna sambenito, daga baya a rataye ta a cocin unguwa da sunan gidansu don jikoki ma su gaji abin kunyar, wanda ya ƙi tuba ko ya sake komawa kuwa sai a miƙa shi ga hukuma ta ƙona shi. Masana tarihi na zamani suna ƙiyasta cewa an kashe kimanin mutum 2,000 zuwa shekarar 1530, akasarinsu tubabbu, ban da dubban da aka talauta. Kakan Teresa ta Abila, wadda Cocin Katolika ke girmamawa a cikin manyan waliyyanta, yana cikin waɗanda wannan kotu ta hukunta a Toledo a 1485.

Alƙalan kotun sun kai ga matsayar cewa muddin akwai Yahudawa a fili, da majami'unsu da mahautansu da malamansu, tubabbu ba za su rabu da tsohon addini ba. A 1490 aka kama wasu Yahudawa da tubabbu bisa zargin sun sace wani yaro Kirista a garin La Gwardiya sun gicciye shi don yin tsafi. Wannan ƙage, wanda ya samo asali daga garin Norwich na Ingila a 1144, Paparoma Inosen na Huɗu ya ƙaryata shi tun 1247, kuma a shari'ar La Gwardiya ba a ga gawa ba, babu kuma iyayen da suka ce ɗansu ya ɓace, amma duk da haka aka ƙona waɗanda ake tuhuma a Abila a watan Nuwamba na 1491, aka baza labarin a ƙasa.

Ranar 2 ga Janairu, 1492, Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta miƙa wuya, ranar 31 ga Maris kuma a cikin garin aka sa hannu a kan dokar kora, wadda ta ba kowane Bayahude wa'adi zuwa ƙarshen Yuli, ko ya karɓi baftisma ko ya fice, tare da hukuncin kisa ga wanda ya dawo. An yarda su sayar da kadarorinsu amma an hana su fita da zinariya ko azurfa ko tsabar kuɗi, kuma tun da kowa ya san wa'adinsu, sai farashi ya faɗi warwas. Wani limami mai rubuta tarihin zamanin, Andires Bernaldes, wanda ba masoyinsu ba ne, ya bayyana yadda ake ba da gida a karɓi jaki, a ba da gonar inabi a karɓi ƙyalle. Manyan shugabanninsu biyu a fada sun rabu hanya: Ibrahim Senior, tsoho mai kimanin shekara tamanin, ya karɓi baftisma a watan Yuni da sarki da sarauniya a matsayin iyayen wankansa, Ishaƙu Abrabanel kuwa, malamin tafsiri kuma mai kula da kuɗin sarauta, ya zaɓi hijira, ya sauka Napoli, ya rasu a Benis a 1508. Alƙaluman da tsofaffin littattafai suka bayar na waɗanda suka fita sun kai ɗaruruwan dubbai, amma binciken zamani ya fi karkata ga tsakanin 40,000 da 100,000, wasu dubbai masu yawa kuma suka tuba suka zauna.

Kaso mafi girma Fotugal suka shiga, kuma a can tsugune ba ta ƙare ba. Sarki Juwan na Biyu ya karɓi kuɗi a kan kowane kai ya ba su izinin wata takwas, waɗanda suka kasa fita bayan wa'adin aka mayar da su bayi, a 1493 kuma aka ƙwace yara da dama daga iyayensu aka tura su tsibirin Sao Tome da ke gaɓar Afirka. Magajinsa Manuwel na Ɗaya, wanda ke neman auren 'yar Fadinan da Isabela, ya ba da dokar kora a 1496, amma da yake ba ya son rasa masu sana'a da dukiya sai ya toshe hanyar fita ya yi musu baftismar dole a 1497. A watan Afrilu na 1506 jama'ar Lisbon suka yi kwana uku suna kashe waɗannan sababbin Kiristoci, a 1536 kuma Fotugal ta kafa tata kotun binciken aƙida.

Inda suka fi samun sararin numfashi shi ne Daular Usmaniyya, inda Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ya buɗe musu ƙofa, suka zauna a Istambul da Edirne da Salonika, daga baya kuma da Safad, kowace jama'a tana gina majami'arta da sunan garin da ta baro, wannan ta Toledo, waccan ta Aragon. A 1493 wasu 'yan'uwa biyu daga gidan Ibn Nahmiyas suka kafa injin ɗab'i a Istambul, wanda shi ne na farko a daular, a Safad kuma Yusuf Karo, wanda aka fito da shi daga Sifaniya yana ɗan shekara huɗu, ya rubuta Shulhan Aruk, littafin da aka buga a 1565 wanda har yau shi ne madogarar fiƙihun Yahudawa. Wasu sun ƙetara zuwa Fas da Tetuwan da Tilimsan bayan sun sha wahalar 'yan fashin teku da yunwa da annoba a hanya, wasu daga cikin tubabbun Fotugal kuma suka isa Amsterdam a ƙarni na 17 suka koma yahudanci a fili, daga cikinsu ne masanin falsafa Sifinoza ya fito.

Ƙasashen Musulmi ma ba duka ne suka zama mafaka ba, kuma akwai wani lamari na wannan lokaci da ya taɓa tarihin ƙasar Hausa kai tsaye. A zangon Tuwat, a kudancin Aljeriya ta yau, akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa a garin Tamanɗiɗ da ke da hannu a fataucin Sahara, wadda wani ɗan kasuwar Jenowa mai suna Antoniyo Malfante ya bayyana a wasiƙarsa ta 1447 cewa tana zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin wurin. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan da ya zauna a garin, ya yi fatawa cewa Yahudawan sun karya sharuɗɗan zimma kuma wajibi ne a rushe majami'arsu, alƙalin Tuwat Abdullahi al-Asnuni ya saɓa masa, aka aika da tambaya ga malaman Fas da Tilimsan da Tunis, amsoshi suka rabu: al-Tanasi ya goyi bayan al-Maghili, Ibn Zakri ya hana rushewar, kuma al-Wansharisi ya adana wannan muhawara a cikin al-Mi'iyar. Wajen 1492 aka rushe majami'ar, aka kashe Yahudawa da dama, sauran suka watse. Bayan haka ne al-Maghili ya yi kudu ta Ayar ya shigo Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Gudummawarsa ga ilimi da tsarin mulki a ƙasar Hausa abu ne tabbatacce, abin da ya faru a Tamanɗiɗ ma tabbatacce ne, kuma yana da kyau mai karatu ya san cewa wasu malaman Malikiyya na zamaninsa, waɗanda ba a shakkar iliminsu, sun tsaya a kan cewa amanar waɗannan mutane ba ta warware ba.

A Sifaniya kuwa, hanyar da aka share wa Yahudawa ita aka bi da Musulmi taki bayan taki. Yarjejeniyar miƙa Garnaɗa ta lamunce musu addininsu, amma daga 1499 babban bishop Sisneros ya fara matsin baftisma, a 1502 aka ba Musulmin Kastil zaɓin tuba ko fita, a 1526 aka kammala da na Aragon. Su ma da suka tuba aka sa musu sunan Morisko, kotun binciken aƙida ta bi su gida-gida tana neman mai alwala da mai azumin Ramadan, dokokin tsarkin jini suka hau kansu, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori kimanin 300,000 daga cikinsu duk da cewa a hukumance Kiristoci ne.

Sefardawa sun tafi da harshen ƙasar da ta kore su, wato tsohon Sifaniyanci da ya gauraya da Ibrananci da Turkanci da Girkanci, ake kiran sa Ladino, kuma sun riƙe shi fiye da shekara 400 a gida da kasuwa da jarida. Cibiyarsa ita ce Salonika, garin da Yahudawa suka daɗe suna zama al'umma mafi yawa a cikinsa har tashar jiragen ruwansa kan tsaya da aiki ranar Asabar. Garin ya koma hannun Girka a 1912, sojojin Jamus na 'yan Nazi suka mamaye shi a Afrilun 1941, a ƙarshen 1942 aka rushe tsohuwar maƙabartar Yahudawa, inda harabar Jami'ar Aristotle take a yau, tsakanin Maris da Agusta na 1943 kuma aka ɗebi fiye da mutum 45,000 a jiragen ƙasa, kusan dukansu zuwa sansanin Auschwitz. Daga al'ummar da ta kai kimanin 50,000 kafin yaƙi, waɗanda suka rage a garin bayansa ba su kai 2,000 ba. Ma'aunin da 'yan Nazi suka yi amfani da shi a dokokin Nuremberg na 1935 wajen tantance Bayahude shi ne ƙidayar kakanni, kuma baftisma ba ta ceci kowa ba.

An soke kotun binciken aƙida ta Sifaniya a 1834, sharaɗin tsarkin jini ya ci gaba a wasu fannoni har zuwa 1865, a 1965 Cocin Katolika ta fitar da sanarwar da ta yi watsi da ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin mutuwar Almasihu, a watan Disamba na 1968 kuma gwamnatin Sifaniya ta bayyana cewa dokar 1492 ba ta da sauran aiki. A 2015 majalisar ƙasar ta zartar da dokar ba zuriyar waɗanda aka kora damar zama 'yan ƙasa ba tare da sun bar ƙasashensu ba, bisa sharaɗin su kawo shaidar asalinsu su kuma ci jarrabawar harshe da al'adun Sifaniya, Fotugal ma ta buɗe irin wannan ƙofa a shekarar. Lokacin da wa'adin neman ya cika a farkon Oktoban 2019, Sifaniya ta karɓi takardun mutum fiye da 130,000, mafi yawansu daga Meziko da Kolombiya da Benezuwela.